Kyamarar da Hayatu Ya Ɗaura a Goshi

A Gangara in ka ce kana neman Hayatu, sai a tambaye ka wanne, don suna da dama. In ka ce Hayatu mai gaisuwa kuwa, nan take za a nuna maka gidansu. Ɗan kabu-kabu ne, yana jigilar mutane da kaya a babur tsakanin ƙauyuka da kasuwannin mako, kuma duk yankin babu direban da ya kai shi jinkirin isa. Babur ɗin lafiyarsa ƙalau. Hayatu ne ba ya iya wuce dattijo a hanya bai tsaya ba. Sai ya kashe inji, ya sauka, ya durƙusa, ya tambayi gida da iyali da gajiya da labarin ruwa, fasinja kuwa yana can bisa babur yana cika yana batsewa. 'Yan kasuwa masu gaggawa sun daɗe da daina hawan babur ɗinsa. Tsofaffi da mata masu ciki da masu kai marar lafiya likita kuma ba su yarda da kowa ba sai shi.

Shi ne autan Inna Ummukulsum. Mahaifinsa ya rasu bai gama lakol ba, daga nan karatu ya tsaya. Ya fara da amalanken jaki, yana ɗebo ruwa da bulo, ya koma keke yana kai aya da gyaɗa kasuwa. Yayyensa maza duk suka watse neman abinci, wani Agadas, wani Libiya, aka bar shi da gona da uwa. Su ne daga baya suka haɗu suka saya masa babur, don wanda ya zauna gida shi ma ya sami abin yi in rani ya shiga. Hayatu bai taɓa cewa an ƙware shi ba. In aka tambaye shi me ya hana shi fita ya ga duniya kamar 'yan'uwansa, sai ya ce ai duniyar kullum tana hawa bayansa tana ba shi labari.

Aurensa na zumunci ne. Matarsa Basira ɗiyar Kawu Dikko ce, yayan Inna ciki ɗaya, wanda ke zaune a Garin Tala, wani ƙaramin ƙauye can bayan Sae Sabuwa, inda aka haifi Inna. Tun ranar da aka ɗaura auren nan kawu ya zama suruki, kunya ta shiga tsakani. Kowa ya san ana jin kunyar suruki, amma ta Hayatu ta wuce ta kowa. In ya shiga gaishe shi, tun daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya sunkuyar da kai, ya durƙusa nesa, kuma ba zai ɗago ba sai ya fito. Basira takan ce da za a sauya mata uba da wani tsoho daban, mijinta ba zai lura ba.

Wata damina Inna ta zame a ƙofar madafa, ƙugunta ya karye. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma a karkace. Tana iya zama, tana iya jan jiki zuwa inuwa, tafiya ce dai ta ƙare, hawan babur kuma ba a ma maganarsa. Garin Tala ba nan kusa ba ne. Sai ka ci rairayi zuwa Gazawa, ka hau kwalta ka ratsa Agye har Maraɗi, sannan ka sake faɗawa rairayi. Kawu Dikko shi ma girma ya kama shi, ya daina tafiya mai nisa. Haka shekaru suka yi ta wucewa wa da ƙanwa ba su sa juna a ido ba.

Waya ce ta rage, ita ma rabi da rabi. A Garin Tala ba a samun layi sai an hau wani tudu bayan gari. Idrisa, ɗan Kawu, shi ke ɗaukar muryar tsohon a waya, ya hau tudun ya turo. Saƙon ba ya sauyawa: gaisuwa, addu'a, sai "lahiya lau muke." Hoto kuwa Kawu ya ce ba a yi da shi ba, shi ba ɗan takara ba ne da za a manna a bango. Inna takan kara wayar a kunne ta saurara sau biyu, sau uku, sannan ta ajiye. A ƙarshen daminar bara ne ta fara magana.

"Auta," ta ce da Hayatu, don ba ta kiransa da wani suna, "muryar Yaya ta sake."

"Inna, iska ce ta tudun nan, ita ke shiga cikin magana."

"Iska ba ta sa mutum hutawa tsakiyar sallama. Labarin zuciya a tambayi huska. Huskatai nika son gani. In da hali ma in ga hanyar garinmu, da rijiya, da tsamiyar bakin gari. Ban san ko ina sake ganinsu ba."

Ba ta sake tayar da zancen ba, kuma shi ya fi damun Hayatu. Da ta yi ta mita, da ya sami abin ba ta haƙuri a kai. Ya gwada ɗaukar hanya da wayarsa, hannu ɗaya a babur hannu ɗaya a sama, bai bar bayan gari ba rairayi ya kwashe tayar gaba ya watsar da shi cikin gonar wake. Kuma ko da hanyar ta ɗauku, sauran babbar matsalar. Ta yaya zai tsaya gaban surukinsa ya ɗaga waya ya saita ta da fuskarsa? Ko a mafarki Hayatu ba zai iya ba.

Ya kai kukansa wajen Bilyaminu mai gyaran waya a Gazawa, abokinsa tun suna lakol. Bilyaminu ya gama dariyar faɗuwar tukuna, sannan ya jawo wata leda daga ƙarƙashin teburinsa. Wata 'yar kyamara ce baƙa, ba ta fi kwalin ashana ba, da tarkacen maɗaurai. Wani ne ya dawo da ita daga Aljeriya ya bar masa ya sayar, ta yi wata da watanni ba wanda ya taya. Ya ce irin wadda masu tseren babur suke ɗaurawa ce, ba a riƙe ta da hannu, kunna ta kawai ake yi a manta da ita. Hayatu ya juya ta a tafin hannunsa, ya ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ɗaura ta ne ya zama aiki. Da farko suka ɗaure ta a kan babur kusa da madubi, suka ƙara da robar tub ɗin taya don kada ta motsa. Hayatu ya zaga bayan gari ya dawo, Bilyaminu ya zare ɗan katin da ke cikinta ya sa a waya, don ita kyamarar gilashin kallonta ya mutu. Abin da suka gani ya fi ƙarfin ido. Itatuwa suna tsalle, gidaje suna rawa, wani jaki ya rabu biyu ya sake haɗewa.

"Wannan in ka nuna ma Inna, jiri zai ɗebe ta tana zaune," in ji Bilyaminu.

Suka mayar da ita ƙirji. Rawar ta ragu, amma ba abin da ya fito sai tankin mai da hannuwan Hayatu biyu, can kuma iska ta ɗaga rigarsa ta rufe komai. Daga ƙarshe Bilyaminu ya zaro wani maɗauri mai talewa, ya zagaya shi kan hular Hayatu, kyamarar ta zauna a tsakiyar goshi kamar cocilan mafarauta. Wannan karon hoto ya fito tas. Bilyaminu ya ce wuyan mutum yana shanye girgizar da ƙarfe ba ya iya shanyewa. Ya koya masa sauran: maɓalli ɗaya ne, in jan haske yana ƙyaftawa tana ɗauka. Batirinta ba ya jimawa, kada ya ɓata shi a kan kwalta. Ya riƙa goge idonta da gefen riga. In ya hango shingen jandarma ya cire ta ya sa aljihu, kada a tsare shi da tambayoyin da ba shi da amsarsu.

"Idonta hwaɗi gare shi," in ji Bilyaminu, "duk abin da ke gabanka tana kwasa. Inda ka duba, nan za ta duba."

Hayatu ya ji rabin farko na maganar nan da kyau, ya riƙe shi. Ga abin da yake nema, na'urar da za ta kalli surukinsa a madadinsa. 'Yan tashar kabu-kabu suka sa masa suna mai ido uku, ya bi su da dariya.

Ya kama hanya bayan sallar asuba, bai aika yana zuwa ba. Bai kunna kyamarar ba sai da ya bar kwalta ya shiga rairayin Sae Sabuwa. Gero ya fitar da kai ta ko'ina, gawo ya tsaya tsirara kamar yadda ya saba da damina, makiyaya suna kora shanu ta burtali. Ya rage gudu a bakin rijiya, ya juya kai a hankali daga wannan gefe zuwa wancan don Inna ta ga komai. Ya tsaya ƙarƙashin tsamiya ya ɗaga kai har reshen ƙarshe. Dattawan da ya tarar a hanya kuwa, kowanne sai da ya sauka ya durƙusa masa, kyamara tana ta ƙyafta jan idonta.

Idrisa ne ya tare shi a ƙofar gida, kuma murnarsa ta zo da ɗan jinkiri. Da ya ji abin da ya kawo Hayatu, sai ya zaunar da shi a zaure, ya kawo masa fura, ya shige ciki. An daɗe. Hayatu yana jin ana buɗe akwati, ana jan kujera, mata suna magana ƙasa-ƙasa. Can aka ce ya shigo.

Daga bakin ƙofa ya hango farar babbar riga a kan kujera ƙarƙashin rumfa, irin ta zuwa idi, da rawani. Iyakar abin da ya gani ke nan, ya tuɓe takalmi ya sunkuyar da kai, ya je ya durƙusa. Bayan doguwar gaisuwa ya yi bayanin saƙon Inna, yana tsammanin za a ce masa a'a.

"In nic ce ban yarda ba, Kulsum ba ta barci," in ji Kawu Dikko. "Na san halinta. Wanga abu na goshinka shi ka ɗauka?"

"Shi ne, Kawu. Duk abin da ke gabana tana kwasa."

"To kunna."

Hayatu ya kai hannu ya danna maɓallin, kansa yana inda yake. Kawu ya gyara zama, ya gyara murya, ya soma.

"Kulsum, ga ni, kin gane ni da idonki. Lahiyata lau. Jiya ma ni da kaina nit tai gona, geronmu ya yi kyau bana. Ki kwantar da hankalinki, ki ci abinci, ki bar tunani."

Ya yi ta magana, yana tsayawa yana jan numfashi, yana ci gaba. Hayatu kuwa abin da ke gaban idonsa yake kallo. An ja bakin rigar don ta rufe ƙafafun, amma da tsohon ya miƙe zaune sai ta ɗage. Ƙafafun sun kumbura sun yi suntum tun daga yatsu har ƙwauri, fatar tana sheƙi kamar an shafa mai. Ga takalman idi a gefe, an jera su da kyau, amma kowa ya san ƙafar nan ba za ta shiga cikinsu ba. A idon sawu akwai gurbin yatsa, inda wani ya riƙe shi lokacin da ake ɗora shi a kujera, har yanzu wurin bai ciko ba. Wannan ƙafa ba ta je gona jiya ba, ba ta je ba tun shuka.

Da Idrisa ya rako shi zaure ya gaya masa gaskiya. Sun kai Baba likita a Maraɗi, an ba da magani, an ce zuciya ce ta gaji, a koma gida a yi ta lallaɓawa. Baba ya hana a gaya wa Gwaggo, wato Inna, ya hana a gaya wa Basira. Ya ce mace tana kwance ba ta iya tashi, me labarin zai ƙara mata in ba baƙin ciki ba? Kuma ya ce a gaya wa Hayatu shi ma ya kama bakinsa.

Hayatu ya kwana, ya juyo da safe, yana tafe yana saƙa da warwara. Bai taɓa yi wa Inna ƙarya ba, bai kuma taɓa tsallake maganar Kawu ba, yau ga su sun haɗu a hanya ɗaya. Kafin ya kai Agye ya sami mafita, ko abin da ya ɗauka mafita ce. Shi ba zai ce komai ba. Zai miƙa waya, Inna ta ga farar riga da rawani da fuskar yayanta, ta ji daga bakinsa cewa lafiyarsa lau. In ƙarya ce, ba shi ya yi ta ba. Ya ji sauƙi har ya ɗan ƙara wuta.

Ya tarar da Bilyaminu mutane sun yi masa yawa, ya juye masa katin a waya a tsaitsaye, ba wanda ya tsaya dubawa. Da la'asar aka shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar ɗaki, Basira ta zauna gefenta ta riƙe wayar, Hayatu ya tsuguna daga baya.

Farkon abin daɗi ne. Inna ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashi, tana kiran sunan kowane wuri tun kafin a iso shi. Ta ce gonar wane ce wannan, an raba ta ke nan. Ta yi faɗan wata kuka da ba ta gani ba, ta ce ko wane marar tsoron Allah ne ya sare ta. Da aka zo rijiya ta yi dariya, ta ce an yi mata baki da siminti amma mata suna nan da gardamarsu. Da tsamiya ta cika wayar, sai ta sa gefen zane ta share ido, ta ce ƙura ce.

Sai aka zo dattijo na farko. An hango shi daga nesa da sandarsa, babur ya tsaya, hoto ya yi ƙasa, sai ga rairayi da silifa biyu da murya tana amsa gaisuwa. Aka zo na biyu, haka. Na uku ma haka. Basira ta fashe da dariya.

"Gwaggo, kin ga aikin ɗanki? An aike shi ɗaukar mutane, ya kwaso mana ƙahwahunsu."

Inna ma ta dara. Hayatu ne bai yi dariya ba. Sai a lokacin sauran maganar Bilyaminu ta faɗo masa: inda ka duba, nan za ta duba. Ya miƙa hannu wajen wayar, ya ce caji ya kusa ƙarewa, a bari sai gobe.

"Bar shi," in ji Inna, ba ta ko waiwayo ba.

Hoto ya yanke ya dawo. Ba riga, ba rawani, ba fuska. Ƙafafu biyu ne suka cika wayar daga gefe zuwa gefe, da takalman da aka jera, da gurbin yatsan nan a idon sawu. Daga sama muryar Kawu Dikko tana cewa ga shi, an gan shi, lafiyarsa lau, jiya ma ya je gona. Dariyar Basira ta tsaya cak. Inna ta karɓi wayar daga hannunta ta riƙe da kanta. Ta kalla har ƙarshe, ta ce a mayar, ta sake kalla. Basira ta tashi ta shige ɗaki, ana jin kukanta ta cikin asabari.

"Haka ƙahwar Babanmu tay yi," Inna ta ce a hankali. "Bai ga wata damina ba bayan nan." Ta juyo ta dubi ɗanta. "Auta, mi kag gani can?"

"Abin da kika gani, Inna."

"Sun ce ka yi shiru?"

"Sun ce."

"To ka yi shirunka, ba kai kah hwaɗi ba. Ka nemo min amalanke."

Gida ya rikice. Maƙwabta suka shigo suna ba ta baki, suka ce mai lafiya ma hanyar nan tana karya shi, balle ita. Yayyen Hayatu suka yi ta kira daga inda suke, kowa yana yi masa faɗa kamar shi ya kumbura ƙafar. Na Libiya ya ce in wani abu ya sami Inna a hanya, Hayatu ya san inda zai sa kansa. Hayatu ya tsorata ƙwarai, don shi ya san kowane rami da ke tsakanin Gangara da Garin Tala. Ya durƙusa gabanta ya ce ko a jira hanya ta bushe bayan kaka.

"Shi Yayan zai jira?" ta ce. "In nim mutu bisa hanya, hanyar gidanmu ta. Kuma kada wanda ya aika musu. In sunka ji, sake sa mai babbar riga za su yi."

Daga nan Hayatu bai ƙara musu ba, ya koma sana'arsa ta farko. Ya aro amalanke da jaki mai sanyin hali, ya shimfiɗa buhunan ƙaiƙayi, ya ɗora katifa, ya kafa sanduna ya yi rumfa da zane. Shi ya ja jakin da ƙafa har Gazawa, yana kauce wa duk wani tudu da kwari, kuma a ranar, karo na farko a rayuwarsa, ya wuce dattawa da ɗaga hannu kawai. Ya biya ta wajen Bilyaminu ya mayar masa da kyamararsa. A tasha direban motar haya ya yarda aka kwantar da kujerar baya aka shigar da Inna da katifarta, Basira ta tallabe mata kai. Daga Maraɗi wata motar, daga Sae Sabuwa wani amalanken. Duk tsawon hanyar Inna ba ta yi nishi ko sau ɗaya ba, sai dai da aka sauke ta Basira ta ga gefen mayafinta ya huje inda take cizo.

Rana ta karkata suka isa. Idrisa ya fito ya ga abin da ke kan amalanke, ya juya zai ruga ciki.

"Idrisa, tsaya nan," in ji Inna. "Kama katihwa."

Shi da Hayatu da maƙwabta biyu suka ɗauke ta suka shiga da ita. Kawu Dikko yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfar, an tokara masa baya da matasai, daga shi sai tsohuwar taguwa. Da ya ga abin da ake shigowa da shi ya lalubi bargo zai ja kan ƙafafunsa.

"Bar shi, Yaya, na riga na gani," ta ce.

Aka ajiye katifar dab da tabarmarsa. Suka daɗe suna kallon juna. Basira ta durƙusa wajen ƙafafun mahaifinta tana hawaye. Hayatu ya koma can bakin rumfa ya tsuguna, kai a ƙasa.

"Kulsum, kin tsuhwa," Kawu ya ce daga ƙarshe.

"Kai kuma ka koyi ƙarya da tsuhwanka. Wace gona kat tai?"

Ya soma dariya, tari ya kama shi, ta jawo jiki ta dafa masa baya har ya lafa. Ya tambayi wanda ya kai mata labari, ta ce ba kowa, shi ne ya aika mata da amsa ta hannun yaron kirki, mai ladabin da ba ya ɗaga kai. Kawu bai gane ba sai da Basira ta yi masa bayani cikin kuka da dariya. Ya girgiza kai, ya ce ashe duk wahalar naɗa rawanin nan a banza ya sha ta.

Can Inna ta waiwaya ta hango ɗanta a bakin rumfa.

"Auta, matso nan. Ɗaga kanka ka dubi kawunka."

Hayatu ya matso, amma wuyan ya ƙi. Shekara da shekaru ya saba da ƙasa, ba ya jin zai iya.

"Dube ni, Hayatu," in ji Kawu. "Kahin ka zama surukina, ɗan ƙanwata kake. Kuma ba kullum za ka same ni ba."

Ya ɗago. Gemun da ya sani baƙi ne, wannan kuwa fari fat, kumatun sun faɗa, haƙoran gaba sun tafi. Idanun ne kawai ya gane, don irin na Inna ne sak. Duk shekarun nan mutumin yana tsufa a gabansa, shi kuwa yana kallon rairayi. Baƙin ciki ya kama Hayatu, hawaye suka zubo masa, bai share ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

Kawu Dikko bai kai ɗaurin gero ba. Ya cika wata safiya da hantsi, ƙanwarsa tana riƙe da hannunsa, ɗiyarsa tana yi masa fifita. Hayatu yana zaune kusa da kansa, yana kallon fuskarsa har aka ja mayafi aka rufe ta.